Daga Yaƙin Minti 38 Zuwa Kwalekwalen Dufuna

A shekarar 1951 wani Bature mai suna Sir Hugh Beaver, shugaban kamfanin giya na Guinness, ya fita harbin tsuntsaye da abokansa a ƙasar Ayaland. Ya auna wani tsuntsu ya kuskure, nan take gardama ta kaure a kan wanne ya fi sauri cikin tsuntsayen da ake farauta a Turai. Aka koma masauki aka duba littattafai, ba a sami wanda zai raba gardamar ba. Daga baya Beaver ya ɗauko wasu tagwaye masu sana'ar tattara bayanai a Landan, Norris da Ross McWhirter, ya ce su haɗa masa littafin da za a riƙa buɗewa idan irin wannan musu ya taso. A 1955 littafin ya fito, shi ne kundin bajinta na Guinness da har yau ake tururuwar shiga cikinsa.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya san irin wannan gardama, ya kuma san yadda majalisa ke yin tsit idan wani ya ce, "Ko kun san cewa...?" Akwai masu ilimi da ke yi wa waɗannan ƙananan labarai kallon hirar zaman kashe wando. Ni ban yarda da su ba, kuma magabata ma ba su raina abin ba. Al-Jahiz, malamin Basra da ya rasu wajen shekarar 868, ya cika Kitabul Hayawan da labaran ban mamaki da na raha da gangan, don kada mai karatu ya gaji ya ajiye littafin kafin ya kai ga ilimin da ke ciki. Abin da nake gani shi ne, kowane labarin mamaki na gaskiya yana da dalili a bayansa, kuma dalilin ya fi labarin daɗi. Wanda ya yi dariya ya tashi bai tambayi "me ya sa?" ba, ya bar nama ya sha romo.

A ɗauki labarin yaƙin da ya fi kowane gajarta a tarihi, wanda aka gwabza tsakanin Ingila da Zanzibar ranar 27 ga Agusta, 1896. Yawanci ana cewa minti 38 ya ɗauka, a yi dariya a wuce. Ga yadda abin ya faru. Sarki Hamad bin Thuwaini ya rasu ranar 25 ga wata, ɗan'uwansa Khalid bin Barghash ya shige fada ya hau gadon sarauta ba tare da amincewar Turawan Ingila ba, alhali su Hamud bin Muhammad suke so. Suka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe tara na safiyar 27 ya sauke tuta ya fice. Ya tara mutane kusan 2,800 ya ƙi fita. Tara ta wuce da minti biyu jiragen ruwan yaƙi suka buɗe wa fadar wuta, ita kuwa akasarinta katako ce, nan da nan ta kama da gobara. Jirgin ruwan sarki mai suna Glasgow ya nutse a bakin gaɓa. Kafin goma saura kwata komai ya lafa. Mutum wajen 500 aka kashe ko aka jikkata a ɓangaren Zanzibar, a ɓangaren Ingila kuwa sojan ruwa ɗaya ne ya ji rauni. Khalid ya tsere ofishin jakadancin Jamus, magoya bayansa kuma aka tilasta musu biyan kuɗin albarusan da aka harbe su da su.

Idan mutum ya kai nan dariyar takan tsaya masa a maƙogwaro. Kwamandan da ya ba da umarnin harbin, Harry Rawson, shi ne wanda watanni shida bayan haka ya jagoranci rundunar da ta ƙone birnin Benin ta kwashe kayan tagullarsa a 1897. Shekara bakwai bayan Zanzibar, Kano da Sakkwato suka ga irin wannan tsari: a ci gari da ƙarfin bindiga, a naɗa sarkin da ake so. Labarin minti 38 ɗin nan darasi ne cikakke a kan yadda mulkin mallaka ya yi aiki.

Akwai wani yaƙin da za a iya yi wa dariya da zuciya ɗaya. A 1932 manoman alkama a yammacin Ostireliya, da yawansu tsofaffin sojoji, suka kai kuka cewa tsuntsayen emu, 'yan'uwan jimina, wajen 20,000 sun auka musu gonaki. Gwamnati ta tura Manjo Meredith da sojoji biyu da manyan bindigogi masu sarrafa kansu guda biyu. Da an buɗe wuta sai tsuntsayen su watse ƙungiya-ƙungiya, kowace ta kama gabanta da gudu. Aka ɗora bindiga a kan mota, hanya ta hana saiti. A ƙarshe sojoji suka tattara suka koma gida, aka koma ga shinge da biyan lada ga duk wanda ya kashe tsuntsu. Manomin Jigawa ko Kabi da jan-baki ya taɓa sauka a gonar shinkafarsa ba ya bukatar a yi masa bayanin takaicin waɗannan mutane.

A fagen kimiyya ma wasa yakan haifi babban abu. A 1997 wani masanin kimiyyar lissafi da ƙarfin halitta, Andre Geim, ya sa kwaɗo mai rai a cikin wani maganaɗisu mai tsananin ƙarfi a jami'ar Nijmegen ta Holan, kwaɗon ya tashi yana shawagi a iska, ya kuma sauko lafiya lau. Sirrin shi ne ruwan da ke jikin kowace halitta yana ɗan ture maganaɗisu, turewar da ba a jin ta sai ƙarfin ya kai matuƙa. Wannan ya jawo masa kyautar Ig Nobel a 2000, wadda ake bai wa binciken da ke ba mutane dariya. Da irin wannan son gwaji ne shi da Konstantin Novoselov suka riƙa ɓare bakin fensir da salatif a Manchester har suka samo graphene a 2004, wani abu mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. A 2010 aka ba su Nobel ta gaske.

Wanda ya je Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ya ga raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma, zai yi wuya ya yarda cewa ƙasusuwan wuyansu bakwai ne, daidai da nasa. Kowane ƙashi ne dai ya yi tsawo, har yakan kai santimita 25. Ɓera ma bakwai gare shi, haka giwa. Kusan duk dabbar da ke shayarwa a kan wannan adadi take, kuma cikin 'yan tsirarun da suka saɓa akwai ayu, wanda masuntan kogin Kwara da Binuwai suka sani, shi shida gare shi. Tambayar da ke biyo baya, wato me ya ɗaure dubban dabbobi a kan bakwai, har yanzu masana halitta na aiki a kanta.

Sai dai kasuwar nan cike take da jabu, kuma wayar hannu ta ƙara musu gudu. Ana cewa ana hango Babbar Ganuwar Sin daga duniyar wata. Labarin ƙanzon kurege ne, an fara yaɗa shi tun kafin wani ɗan'adam ya je sararin samaniya. Ganuwar doguwa ce amma faɗinta a yawancin wurare bai kai mita goma ba, wata kuwa yana nesa da mu da kusan kilomita 384,000. Ɗan sama-jannatin Sin na farko, Yang Liwei, da ya dawo a 2003 ya faɗa da bakinsa cewa bai gan ta ba. Tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba, kowane mahauci zai shaida. Jimina ba ta binne kanta a rairayi don tsoro. Ƙwanta take juyawa a ramin da ta haƙa. Hanyar gane jabu mai sauƙi ce: na gaskiya yana zuwa da suna da wuri da shekara, kuma idan ka tambaye shi dalili yana da amsa.

Labarin gaskiyar da ya fi burge ni duka a ƙofar gidanmu yake. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a zurfin mita biyar. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita takwas, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka. To me ya kai kwalekwale wannan busasshiyar ƙasa? A zamanin da aka sassaƙa shi yankin cike yake da ruwa, Tafkin Chadi ya kai girman murabba'in kilomita wajen 350,000, ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya.

Da tafkin ya janye, sai ya bar wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, shimfiɗe da farin gari na ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu. Babu wurin da ya fi shi tayar da ƙura a duniya, kuma da yawan hazon da ke rufe Kano da Damagaram lokacin hunturu daga can yake tasowa. Ƙurar Sahara ba ta tsaya a kanmu ba, iska na ɗaukar ta ta tsallaka tekun Atlantika da ita har dajin Amazon na Kudancin Amurka. Binciken da masanan hukumar NASA suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa tana kai wa dajin tan 22,000 na sinadarin fosfaras, wanda ake sa wa a takin zamani, a kowace shekara, kusan daidai da abin da ruwan sama ke wanke masa.