Garin da kogi ya fi shi tudu

Mun saba ganin kogi a gangare, gari kuma a bisa tudu. To a ƙasar Holan akwai wani ƙaramin gari da lamarinsa ya juye: ruwan kogi yana sama, gidaje suna ƙasa. Sunansa Krimpen aan den IJssel, wato Krimpen na bakin kogin Aisel.

Garin yana lardin Holan ta Kudu, gabas da birnin Rotadam, daidai inda kogin Hollandse IJssel ke shiga kogin Nieuwe Maas. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 9 ba, mutanensa kuma sun kusa dubu 30. Tun da daɗewa an san shi da ƙera jiragen ruwa.

Yaya aka yi ƙasar ta yi ƙasa haka? Asalinta fadama ce mai ruɓaɓɓen ciyayi. Da manoma suka haƙa magudanai suka janye ruwan don su yi noma, sai ƙasar ta bushe ta riƙa lotsawa sannu a hankali. Shi ya sa aka kewaye ta da ganuwar ƙasa, aka kafa injunan da ke zuƙe ruwan sama suna zuba shi cikin kogi. Irin wannan fili su ke kira folda.

Haɗarin shi ne kogin yana haɗe da teku. Idan teku ta cika ruwansa ya hau, idan ta janye ya sauka, abin da ake kira maddu da jazru a littattafanmu na jugurafiya. A daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu 1953, guguwa ta haɗu da cikar teku, ambaliya ta kashe mutum 1,836 a Holan. A Nieuwerkerk, can tsallaken wannan kogi, ganuwa ta ɓalle, sai da wani matuƙi ya tura jirginsa cikin ɓarakar ya toshe ta. Ba don haka ba, da ruwa ya malale yankin da miliyoyin mutane ke zaune.

Bayan wannan masifa gwamnati ta fara manyan ayyukan tare teku da ake kira Ayyukan Delta, kuma na farkonsu a Krimpen aka gama shi a 1958. Hasumiya huɗu ce masu tsawon mita 45, da ƙofofin ƙarfe biyu rataye a tsakaninsu, kowace faɗinta kusan mita 80; ta biyun a 1976 aka ƙara ta. Kullum suna ɗage, jirage na wucewa ta ƙarƙashi. In ruwa ya yi barazana sai a sauke ƙofa ta rufe kogin. A gefenta akwai gadar Algera da ta haɗa garin da maƙwabcinsa Capelle.

Kun ga ke nan zaman mutanen Krimpen ya rataya ga abu uku: ganuwa, injin zuƙe ruwa da ƙofa. Ƙasar fa har yau tana ci gaba da lotsawa, don haka gyaran nan ba ranar gama shi.