Idan Gyaɗa Ba Ta Karɓi Ɗan Gida Ba: Me Ya Wajaba A Kan Masu Tukunya?

 

Ƴan'uwa, gyaɗa halal ce, babu malamin da ya saɓa a kan haka. Mu mutanen ƙasar Maraɗi da Damagaram da ita muka tashi, da kuɗinta kakanninmu suka yi aure suka biya haraji. Amma a cikin bayin Allah akwai wanda jikinsa bai karɓe ta ba. Likitoci suna kiran abin alerji: garkuwar jiki ce take ɗaukar wani sinadari na cikin abinci kamar abokin gaba, ta tashi yaƙi da shi, yaƙin ya koma kan mai jikin. Yakan faru da ƙwai, da madara, da kifi, da riɗi. Mun zaɓi gyaɗa ne don da wuya tukunya ta sauka a gidajenmu babu hannunta a ciki.

Alamun sukan zo da sauri, cikin ƴan mintoci, wani lokaci har zuwa awa 2 bayan ci: borin jini, ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko ido, amai. Idan abin ya yi tsanani, harshe da maƙogwaro su kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙara, mutum ya jigata ko ya suma. Wannan na ƙarshen yana kisa. Ba ɗaya ba ne da kumburin cikin da wasu manya suke ji bayan sun sha nono. Wancan damuwa ce, ba ya shaƙe mutum.

A nan ne shari'a ta shigo. Hadisi na 32 a cikin Arba'una na Imam Nawawi ya hana mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da wani, kuma malaman fiƙihu sun gina ƙa'ida a kansa cewa cuta ana gusar da ita. Saboda haka abin da yake halal ga gida duka yana iya zama haramun ga mutum ɗaya a cikinsu idan an tabbatar yana cutar da shi, kuma haramun ne wani ya ba shi da sani. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga wurin Ummul Munzir tare da Sayyidina Ali, lokacin Ali bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Akwai dabino rataye, Annabi ya ci, amma ya hana Ali. Sai matar ta dafa sha'ir da wani ganye, Annabi ya nuna wa Ali cewa wannan ya fi dacewa da shi. Ku lura da abin da ta yi: ba ta ce ya yi haƙuri da abin da aka samu ba, komawa ta yi ta ɗora wata tukunyar.

Akwai halaye biyu da muke roƙon jama'a su bari. Na farko, cewa "iyayi ne" ko "a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba". Wasu ma a ɓoye suke zubawa don su gwada shi. Wannan ha'inci ne, kuma wasa da rai ne, domin wanda ya yi borin jini kawai a karon farko yana iya shaƙewa a na biyu. Gaskiya ne wasu yara suna rabuwa da abin idan sun girma, musamman na madara da ƙwai. Na gyaɗa kuwa kamar ɗaya cikin 5 ne kawai yake rabuwa da shi, kuma likita ne zai gwada, ba kaka ba. Na biyu, saurin zargi. Yaro ya ci abincin ɗakin kishiyar uwarsa, fuska ta kumbura, kafin la'asar an ce an ba shi sammu. Sau nawa zumunci ya lalace a kan cokali ɗaya na tunkuza! Allah ya hana mu mummunan zato, kuma a nan zaton yana da illa biyu: an zalunci baiwar Allah, an kuma bar ainihin dalilin yana nan a cikin miya.

To, yaya za a yi da girki? Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan fage, tunatarwa ce kawai. Gyaɗar da ake gani ba ita ce matsala ba, ɓoyayyar ce. Tana cikin yajin tsire, don da garin ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Tana cikin labun kilishi. Tana cikin kwaɗon zogale da na rama, da miyar taushe, da man da aka soya ƙosai ko fanke ko awara a bakin hanya. Man gyaɗar da matanmu suke matsewa da hannu yana ɗauke da abin da ke tayar da ciwon. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, tsame gyaɗar daga kwano ba ya wadatarwa.

Madadin yana nan. A yi miya da manja ko man shanu, ko man waken soya na cikin kwalba a rufe. Wanda ake aunawa a kasuwa sau da yawa ludayi ɗaya ne yake shiga kowane bokiti. Taushe tana yin kauri da agushi. Yaji a daka na gida: barkono, citta, masoro, kanumfari da gishiri. A azumi kunun tsamiya ko koko ya tsaya a wurin kunun gyaɗa. Riɗi yana daɗi a kwaɗo, sai dai shi ma yana cikin masu tayar da alerji, a tambayi likita kafin a mai da shi madadi.

Sai kayan aiki, inda aka fi yin sakaci. Turmi yana riƙe maiƙo a cikin tsagoginsa, haka muciya. A ware wa wannan girki nasa turmin da muciyarsa, a wanke tukunya da hannu da sabulu, ba ɗauraya da ruwa kawai ba. Injin niƙa na unguwa kuwa, wanda ya gama markaɗa gyaɗar wata ya karɓi geronku, a yi magana da mai shi ko a nemi wanda ba ya niƙa gyaɗa. Kayan leda da na gwangwani a duba rubutun jikinsu. Da Faransanci arachide ko cacahuète ake sa wa. Ɗalibai masu boko, wannan aikinku ne, ku karanta wa iyayenku. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, Plumpy'Nut, shi ma da gyaɗa ake yin sa, don haka a faɗa wa ma'aikacin lafiya tun kafin ya miƙo.

A ra'ayinmu, idan yaron ƙarami ne, gara gida duka ya bar gyaɗa a tukunyar da ake ci tare. Faranti ɗaya muke ci, hannuwa suna cuɗanya, kuma yaron da kullum ake ware masa kwano a gefe yakan ɗauka ba a son sa ne. Mai gida ya sani ƙarin kuɗin mai yana cikin ciyarwar da ke wuyansa. Babba kuma da aka gayyata walima, babu kunya ya tambayi abin da ke cikin miya, ko ya janye hannu ba tare da kushe abincin ba. Annabi (SAW) ya ƙi cin damo, Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa, babu wanda ya ji haushin wani. Malaman allo da na Islamiyya, ku san yaran da ke da wannan lalura kafin a raba sadaka.

Idan kuwa an yi kuskure ya ci, kuka ga numfashi ya canza ko harshe ya kumbura ko jiri ya ɗebe shi, kada a ɗura masa manja ko madara ko rubutu, yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya yi wuya a bar shi a zaune. A nufi asibiti nan take, ana addu'a a kan hanya. Maganinsa allurar adiranalin ce da ake yi a cinya, ƙwayar ƙaiƙayi ba ta tsayar da shi. Ko ya ji sauƙi kafin a isa, a ƙarasa, domin abin yakan dawo bayan wasu awoyi.

Allah ne Mafi sani.