Ko Za A Iya Tara Wutar Aradu?

Wani dare cikin daminar bara ina bitar karatun jarrabawa, hadari ya taso, aka ɗauke wuta. Ina lalube ina neman ashana sai walƙiya ta haske tsakar gidanmu kamar rana. Na ce a raina, ga wuta a sama tana tafiya a banza, mu kuwa muna cikin duhu! Da gari ya waye na kai wa malaminmu na kimiyya wannan tambaya. Ga abin da na koyo.

Da farko dai, walƙiya wutar lantarki ce, irin wadda ke kunna ƙwan ɗakinmu. Wani Ba'amurke, Benjamin Franklin, shi ya nuna haka a shekarar 1752. A 1753 kuwa wani masani mai suna Richmann ya yi ƙoƙarin jawo ta cikin ɗakinsa a ƙasar Rasha, ta kashe shi nan take.

To, me ya hana a tara ta? Dalili na ɗaya, ba ta da alkawari. Ba wanda ya san inda za ta faɗo ko yaushe, kuma a nan ƙasar Hausa da rani sai a yi watanni ba a ji tsawa ba. Na biyu, sauri. Duk ƙarfinta yana zubowa ne kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Kamar a ce ka tara tulu a kwararo maka ruwan kogi gaba ɗaya. Ai fashewa zai yi. Haka batir zai ƙone. Na uku, yawancin ƙarfin yana ƙarewa tun a sama, ya zama haske da ƙara da zafi, don tana gasa iska har kusan digiri 30,000. Abin mamaki kuma, ƙarfin aradu guda matsakaiciya bai wuce na duro ɗaya na man fetur ba. Ashe ba girin-girin ba, ta yi mai!

Amma fa ba a banza take tafiya ba, kamar yadda na zata. Tana haɗa wani sinadari na cikin iska, ruwan sama ya sauko da shi ya zama taki a gonakinmu.

Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, mu mai da hankali ga hasken rana, wanda Allah Ya hore mana rani da damina. Iyayenmu kuma don Allah a riƙa jan kunnen yara, kada su fake gindin doguwar bishiya in ana tsawa. Allah Ya kiyashe mu, amin.