Harin Da Aka Yi Ta Jira A Iyakar Jibiya

Wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi a yau, ya tsaya a Jibiya aka duba masa takardu, da wuya ya kawo a ransa cewa an taɓa yin zamanin da hukuma ke zaton abokan gaba za su ɓullo ta wannan iyaka. To, an yi, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Gwamna-Janar Boisson da ke Dakar ya bi gwamnatin Vichy, wadda ta yi sulhu da Hitila, Nijar kuma tana ƙarƙashinsa. Dare ɗaya Maraɗi da Damagaram suka zama ƙasar da Turawan Ingila ke yi wa kallon hadarin kaji.

Abin da ya fi damun Gwamna Bourdillon na Nijeriya da Janar Giffard shi ne filin jirgin sama na Kano. Tun daga Satumban 1940 ake harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri, su wuce Hartum har Masar. Daga Damagaram zuwa Kano kuwa tafiyar kamar sa'a guda ce a sama. In aka datse wannan hanya, mayaƙan Ingila a Masar sun shiga uku.

Amma soja nawa ke ƙetare? Jamusawa sun iso ko ba su iso ba? Ma'aikatan leƙen asiri sai suka kasa kunne ga fatake da masu raƙuma da masu zuwa gaisuwar dangi. Labarin kasuwa kuwa kowa ya san halinsa, soja goma a Maraɗi kafin zancensu ya kai Katsina sun zama ɗari. Abin dariya, su ma Faransawa tsoron Ingilishi suke ji, tun da an kai wa Dakar farmaki a Satumban 1940.

Harin dai bai zo ba. A Nuwamban 1942 Amurka da Ingila suka sauke mayaƙa a Afirka ta Arewa, Boisson ya juya ya bi su. Da hankali ya kwanta, sai aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 a 1943, aka kai 'ya'yanmu Bama. Waɗanda suka ƙetaro iyakar a shekarun nan galibi talakawan Nijar ne, masu gudun aikin dole da ƙwacen hatsi.