'Yan Aiken Garkuwar Jiki Da Ciwon Zuciya

Shekara da shekaru likitoci suna ɗora laifin toshewar jijiyoyin jini a kan kitsen nan da ake kira kolastarol. Amma an sha ganin wanda kitsensa bai wuce kima ba, ya yanke jiki ya faɗi da bugun zuciya. Da masana suka zurfafa bincike, sai suka tarar da hannun garkuwar jiki a ciki.

Fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun da ke tsaron jiki, sukan aika wa juna saƙo ta hanyar waɗansu ƙananan sinadarai da ake kira saitokin. Idan kitse ya kutsa bangon jijiya, sai dakarun su ɗauke shi abokin gaba, su haɗiye shi, su saki ɗan aike mai suna intalukin-1. Shi kuma ya tayar da intalukin-6, wanda kan sa hanta ta zuba sinadarin CRP cikin jini, har likita ya iya aunawa. Muddin gangamin bai lafa ba, kumburi zai yi ta cin murfin da ya rufe kitsen. Ranar da murfin ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe ke nan.

A 2017 Dokta Paul Ridker na Jami'ar Harvard ta Amurka ya bayyana sakamakon gwaji kan mutum 10,061 waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya. An yi wa waɗansunsu allurar canakinumab, mai ɗaure intalukin-1, sau ɗaya cikin wata uku. Kitsensu bai ragu ba, amma haɗarin sake bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa ta dalilinsu, ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da aka rufe bakin ɗan aiken, mutuwa ta cututtuka masu kama jiki ta ɗan ƙaru. Saboda haka hankali ya koma kan colchicine, tsohon maganin ciwon gaɓoɓi, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin masu ciwon zuciya a 2023. Ba a shansa sai da izinin likita, musamman ga mai ciwon ƙoda.

Taba da teɓa suna cikin abubuwan da ke tunzura waɗannan 'yan aike. Wanda ya bar sigari, ya rage tumbi, ya riƙa motsa jiki, lalle ya rage wa wutar itace.