Taswira na da amfani, amma wa ke biyan kuɗinta?

Awon gona ya canza salo a ƙauyukan Kankiya da Kusada kamar yadda ya canza ko'ina a Arewa. A da, taku ne ko igiya ko shaidar dattawa. Yanzu malamin gona kan tsaya a kusurwa da waya a hannu, ya danna, ya bi layin gamba da ƙafa, ya kewaye gindin gawo har ya koma inda ya faro, nan take siffar gonar da yawan kadadarta su fito a fuskar wayar. Taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama su ne ke gaya wa wayar inda take, kuma sai ta ji daga aƙalla huɗu kafin ta tabbatar. Manhajar da ke haɗa waɗannan ɗigo-ɗigo ta mayar da su taswira, ta liƙa musu sunan mai gona da abin da ya shuka, aikin wani kamfani ce, kuma da yawa cikin irin waɗannan kamfanoni ƙanana ne. Tunda sayen hannun jari ma ya shigo waya, malamin makaranta ko ɗan kasuwar hatsi a Bauranya na iya cewa: abin da kowa zai buƙata gobe, me zai hana in mallaki wani yanki na kamfaninsa tun yau? Amsar ita ce amfanin fasaha daban, ribar mai hannun jari daban, kuma a wannan sana'a tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda ake zato.

Babu mai musun amfanin. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, an gano cewa akwai rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin taswirar da masu rigakafi ke bi. Aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka fitar da matsugunan ɗaya bayan ɗaya, aka ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda suka taka, kuma ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. A harkar filaye, Abuja ta kafa AGIS tun 2003, Kano ta biyo da KANGIS, Kaduna da KADGIS, Katsina kuma ta shigo da KATGIS a zamanin Gwamna Dikko Umar Raɗɗa, duk don a mayar da rajistar filaye da takardar shaidar mallaka cikin kwamfuta. Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Wanda ya san yadda rikicin iyakar gona ko na burtali ke raba zumunci ba zai raina taswira sahihiya ba.

Sai dai a sake duba jerin nan a ga wanda ya zaro kuɗi. Aikin shan inna masu ba da tallafi ne suka ɗauki nauyinsa, irin su Gidauniyar Bill da Melinda Gates, kuma eHealth Africa ba kamfanin neman riba ba ce balle ta sayar da hannun jari. Rajistar filaye gwamnatocin jihohi ne. Awon gonaki a shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, shi ma daga aljihun hukuma ya fito. Manomin da aka auna wa gona ya amfana, amma ba shi ne ke biyan kamfanin manhaja kuɗi duk shekara ba. Ke nan ƙaramin kamfanin taswira a ƙasar nan kusan kullum yana rataye ne a wuyan abokin ciniki ɗaya ko biyu, kuma kowa ya san halin kwangilar gwamnati: a yi aiki bana, a biya baɗi ko baɗin baɗaɗa, in mulki ya canza hannu a sake duba yarjejeniya. Ga ta kuma sau ɗaya ce. Idan an gama zana taswirar gari, an gama, sai kamfani ya shiga farautar wata. Kamfanin manhaja mai ƙwari shi ne wanda abokan cinikinsa ke sabunta biya kowace shekara don ba za su iya aiki ba tare da shi ba, kuma irin wannan ciniki bai yawaita ba a kasuwarmu tukuna.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, domin ta shafi sana'ar a duk duniya. Kayan aikin da yawa kyauta ne. Tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan taurarin Landsat ga kowa. Tarayyar Turai ta harba Sentinel-2 na farko a 2015, yana ɗaukar hoton da kowane ɗigo a cikinsa ke wakiltar mita goma a ƙasa, kuma taurarin kan maimaita wuri kusan duk kwana biyar, babu ko sisi. Manhajar QGIS, wadda ɗalibin nazarin ƙasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Bayero zai iya saukewa a kwamfutarsa, ita ma kyauta ce, haka taswirar Google ga mai amfanin yau da kullum. A can sama kuma ga ƙato irin Esri, wanda Jack da Laura Dangermond suka kafa a Kalifoniya a 1969, da manhajarsa ArcGIS ta mamaye ofisoshin gwamnati a duniya. Abin lura, Esri bai taɓa sayar wa jama'a hannun jarinsa a kasuwa ba. Ƙaramin kamfani yana tsakiya ne, kyauta na cinsa ta ƙasa, manya na danne shi ta sama. Ba ya tsira sai in yana da wani abu da ba a kwaikwaya cikin sauƙi, kamar bayanan da shi kaɗai ya tattara, ko wani lungu na sana'a da ya ƙware a kai.

Mai ja zai ce ai akwai waɗanda suka ci riba, kuma gaskiya ne. Kamfanin IQGeo na garin Kambirij a Ingila, mai manhajar da kamfanonin sadarwa da na lantarki ke bin sawun wayoyinsu da turakunsu da ita, babban kamfanin zuba jari na KKR ya saye shi a 2024 kan sama da fam miliyan 300, waɗanda suka saya da araha suka kwashi rabonsu. Amma labarin bai fara daga nan ba. Kamfanin ya shiga kasuwar Landan ne a 2011 da sunan Ubisense, ya yi shekaru yana tafka asara, farashinsa ya faɗi warwas, sai da ya sayar da wani sashe na kasuwancinsa a 2018 ya sake suna kafin ya miƙe. Shekara goma sha uku ke nan, kuma da yawa sun gaji sun sayar da asara a hanya. Ga kuma Planet Labs na Amurka, mai ɗaruruwan ƙananan taurari, wanda ya shiga kasuwar New York a Disamban 2021 kan kusan dala 10, ya gangaro ƙasa da dala 2 a 2024, sannan ya yunƙuro a 2025 bayan ya samu manyan kwangilolin gwamnatoci. Taurarinsa ba su daina aiki ba ko na rana ɗaya, amma wanda rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya tilasta wa sayarwa a 2024 ya rasa kashi huɗu cikin biyar na kuɗinsa. Ana jin labarin waɗanda suka tsira ne, waɗanda suka nutse ba mai tuna sunansu.

Sai batun inda za a saya, da kuma inda za a sayar. Kamfanonin fasaha da ke kasuwar hannun jari ta Legas kaɗan ne, irin su Chams da CWG da eTranzact, kuma aikinsu ya karkata ne ga biyan kuɗi da katin shaida da hidimar kwamfuta, ba taswira ba. Saura hanya biyu. Ko dai a saya a kasuwar waje ta manhajar dillali mai lasisin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ko a sa kuɗi a kamfanin gida da bai shiga kasuwa ba. Masu son hanyar farko kan ce dala na kare mutum daga faɗuwar naira, kuma suna da hujja, tunda dalar da ke kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. To amma idan dala ta ninka sau uku, hannun jarin kuwa ya koma kashi ɗaya cikin biyar, ko a lissafin naira asara aka yi. Hanya ta biyu ta fi haɗari. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kamfani mai zaman kansa da bai zama na jama'a ba tallata hannun jarinsa ga kowa da kowa, kuma ko an saya ta halastacciyar hanya, ranar da ake son fita babu kasuwar zuwa. Buhun gero ko ɗan tunkiya, ranar kasuwar Charanchi za a samu mai taya shi ko da farashi bai yi daɗi ba. Takardar hannun jarin ƙaramin kamfani kuwa tana iya shekara a akwati ba wanda ya taya.

A wannan duhun ne 'yan damfara ke farauta. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma kowace ta zo da rigar fasahar zamani. Kalmomi irin su tauraron ɗan'adam da ƙirƙirarriyar basira suna da kwarjinin da ke hana mutum tambaya. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri mai tsanani ga masu irin wannan tsari, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da kuɗin taki. Alamar ba ta ɓuya: hannun jari na gaskiya ba ya alkawarin riba kaza duk wata, kuma ba ya ba mutum lada don ya kawo ƙaninsa. Rajistar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kaɗai ba ta isa ba, domin shaidar wanzuwar kamfani ce kawai. Izinin karɓar jarin jama'a daga SEC yake fitowa, kuma sunayen masu lasisi suna nan a shafinta.

Wanda ya tsallake duk wannan kuma yana da ra'ayi, to kada ya yi cinikin biri a sama. Ya nemi rahoton kuɗi na shekara uku wanda akanta mai zaman kansa ya tantance, ya ajiye hotunan taurari da jawabin shugaba, ya buɗe shafukan lissafi. Ya duba nawa ne cikin kuɗin shiga ke maimaituwa duk shekara, nawa ne na kwangila sau ɗaya. Ya duba kason babban abokin ciniki, in ya kai rabi, kamfanin ɗan amshin shata ne. Ya duba bashin da ake bin abokan ciniki, domin riba a takarda ba kuɗi ba ce a banki. Ya raba tsabar kuɗin da ke hannu da abin da ake ƙonawa duk wata, ya ga wata nawa suka rage. Sannan ya kwatanta yawan hannayen jari bana da na shekarun baya, domin kamfanin da ke asara yakan buga sababbi ya sayar, kason tsohon mai jari ya riƙa ƙanƙancewa bai sani ba. Mai kula da halacci zai ƙara da duba bashin ruwa. Sana'ar taswira a kan kanta halal ce, amma ma'aunin da malaman hukumar AAOIFI suka gindaya bai yarda bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani ba, ko kuɗin shiga mara tsarki ya wuce kashi 5.

Akwai wata hujja mai nauyi da ta rage: in kowa ya ja da baya, yaushe 'ya'yanmu masu basira za su samu jarin gina kamfanoninsu? Tambaya ce ta gaskiya, amma ba a wuyan mai ƙaramin ƙarfi amsarta take ba. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, jarin farko na irin waɗannan kamfanoni daga attajirai da asusun masu juriyar asara yake fitowa, waɗanda kan zuba a kamfanoni da dama suna sane da cewa yawanci za su mutu, ɗaya ya biya na sauran. Katsina da Kano ba su rasa masu irin wannan ƙarfi ba, kuma gwamnati za ta fi taimakawa idan ta riƙa ba kamfanonin gida aiki tana biyansu a kan kari. Shi kuwa magidancin da ya tara 'yan kuɗinsa da gumi, yana da zaɓin da ya fi dacewa da shi, kamar sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2017, ko asusun haɗaka mai lasisi da ke rarraba kuɗi a kamfanoni masu yawa. In kuma sha'awar taswirar ce ta kama shi, kuɗin da zai kashe don ɗansa ko 'yarsa su koyi QGIS da sarrafa jirgi mara matuƙi sun fi kusa da dawowa gida, tunda ofisoshin filaye da ƙungiyoyin lafiya da na noma suna neman masu wannan ilimi. Hannun jarin ƙaramin kamfanin taswira sai da rarar kuɗin da mutum zai iya mantawa da su shekara goma, kuma in sun salwanta tukunyar gidansa ba za ta sauka ba.