Wane Gefen Badala Ya Fi Kyau A Kai Yara Gani?

'Yan'uwana mata, duk wadda ta taɓa zuwa Jidda ko Ikko ta san yadda mutanen can su ke yi da bakin teku. Gaɓar doguwa ce, ba mai iya zagaye ta a yini guda, saboda haka kowa da gefen da ya ke zaɓa. Mai yara ta nemi inda ruwa ba zurfi, mai son kallo ta nemi inda jama'a su ke. Mu a Kano Allah bai ba mu teku ba. Amma akwai wani abu dogo da ya kewaye birninmu, wanda shi ma sai an zaɓi gefe in za a je ganinsa, watau ganuwa, wadda mu Kanawa mu ka fi kira badala. Da yawa cikinmu an haife mu a cikinta, an yi mana aure a cikinta, amma ba mu taɓa fita takanas don mu dube ta ba.

Kada wata ta ce ai tana nan, in yara sun girma sa gani. Mutanen Ikko ma haka su ka ɗauki gaɓar da su ke kira Bar Beach, inda da can a ke cika maƙil ran hutu. Daga 1960 zuwa yanzu ba a daɗe ba, amma tun 2008 aka fara cike wurin da yashi don gina sabuwar unguwa, yanzu yaran can sai dai labari. Badalarmu kuwa ta ƙasa ce. Kowace damina tana cin rabonta, masu ɗiban ƙasa su ci nasu, masu gini su ci saura.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) ya ƙara. Wani Bature mai yawon duniya, Kilafatan, da ya zo a 1824, ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya kuma ƙirga ƙofofi 15. Gwamna Lugga a 1903 ya ce mil 11 ne da ƙofofi 13, kaurin gindinta wajen ƙafa 40. Ko wanne ne ya fi daidai a cikinsu, kun ga dai ba tafiyar da mace za ta yi da goyo ba ce. Sai a zaɓa.

To, mu fara da gabas, don nan ne hankalin kowa ya ke fara zuwa. Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal duk suna wannan sashe. In ganuwar ki ke son gani, kada ki wahal da kanki. Gidaje da kasuwa da titi sun cinye ta, sunan ƙofa ne ya rage, sai hayaƙin mota da turereniya. Abin da ya cancanci zuwa Ƙofar Mata shi ne karofi, marinar da a ke cewa tun 1498 ta ke, inda har yanzu a ke tsoma zane cikin baba da toka. Wannan kallo ne mai kyau ga 'yan makaranta, amma a ware masa ranarsa dabam, kuma kada ta zama Jumma'a da azahar.

Ni a ganina gefen da ya fi duka shi ne na kudu zuwa yamma, watau a tashi daga Ƙofar Ɗan'agundi, a bi titin da ya nufi tsohuwar Jami'ar Bayero, a wuce Ƙofar Na'isa, da Gadon Ƙaya, da Ƙofar Famfo, da Dukawuya, a tsaya a Kabuga. Dalilina na farko, titin yana tafe kafaɗa da kafaɗa da ganuwar, har wadda ba ta son sauka daga A Daidaita Sahu za ta ga abin da ya rage. Ba zan ruɗe ku ba, ba a haɗe ta ke kamar da ba. Wani wuri tudu ne kawai mai ciyawa, wani wuri gini ya tare ta. Amma a tsakani akwai guntayen da su ke tsaye, jajaye, ruwan sama ya zaizaye su, waɗanda za su isa yarinya ta gane girman aikin.

In kun sami irin wannan guntu, ku tsaya ku nuna wa yara. Ba injin da ya taɓa wannan ƙasa. Da hannu aka haƙa, da kwando aka ɗauko a ka, aka kwaɓa, aka ɗora. Bayan damina sarki ya kan sa a yi gayya, unguwa-unguwa da ƙauyuka su fito su gyara inda ya zube. Ta ciki akwai wani dakali da maharba su ke tsayawa a kai su harba kibiya, shi ne ainihin abin da a ke kira badala, sunan ya bi ganuwar duka. Ta waje kuma rami ne mai zurfi da sarƙaƙiya. Kowace ƙofa da sarkin ƙofarta, in rana ta faɗi ya rufe, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Ku kuma gaya musu cewa da ba gidaje ne su ka cika cikin ganuwa ba. Baturen Jamus ɗin nan, Bat, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tarar a 1851 cewa babban sashe na cikinta gonaki ne da fili. Dabara ce ta magabata: in abokan gaba sun tsare ƙofofi, mutanen gari suna da abin ci.

Dalilina na biyu, a wannan gefe ne aka yi abin da ya juya tarihinmu. Ran 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Turawa ta iso ƙarƙashin Kanar Molan, lokacin Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Su ka fara buga igwa a wajen Dukawuya, ƙofar ta gagare su, don an gina ta ne a lanƙwashe yadda harsashi ba zai same ta kai tsaye ba. Sai su ka matsa gaba su ka sami shiga ta Kabuga. Yarinyar da ta karanta wannan a littafi, ta kuma zo ta tsaya tsakanin ƙofofin biyu ta ga kusancinsu, ba za ta manta da shi ran jarrabawa ba.

Sai dai a sani, yawancin ƙofofin da za ku gani sababbin gini ne. Ƙofar Na'isa ta asali a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Kyakkyawa ce, ban musa ba, amma kada a ce wa yara ita ce ta zamanin Rumfa. Sabuwar Ƙofa kuwa sunanta ya faɗi gaskiya, a 1937 aka huda ta, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Daga Kabuga in an karya arewa, akwai Kansakali, da Waika, da Dawanau, har Ƙofar Ruwa. Can ma akwai ragowar ganuwa, ga Goron Dutse kusa, kuma Kansakali tana cikin ƙofofin da su ka fi tsufa. Waika kuwa ta nan aka ce Sarki Alwali ya fita da Fulani su ka ci garin. Amma nisan yana da yawa, inuwa kaɗan ce, wani wurin kuma ba kowa. Wannan gefe na malama ne da ɗalibanta a mota, ko iyalin da maigida zai raka. Ban ba mace biyu da yara shawarar su bi shi da ƙafa ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci ga uwa. Inda aka haƙi ƙasar gini, nan ruwa ya ke taruwa ya zama kududdufi. An cike da yawa, amma akwai saura a jikin ganuwa. Yaro in ya ga ruwa sai ya ce zai taɓa. Kada ki yarda ko da ƙafa ce. Bakinsa santsi ne, zurfinsa ba a gani, sa'an nan a irin ruwan nan ne a ke ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa cikin 'yan ƙananan dodon-koɗi, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mutum, bayan makonni sai a ga yaro yana fitsarin jini. Haka kuma kada a bar su su hau kan ganuwar. Ƙasar da ta sha ruwa tana iya zubowa da mutum, kuma kowace ƙafa da ta taka tana ƙara rage ta.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Janairu, da hantsi, kafin rana ta take. A nemi iznin maigida tun da dare, a haɗu maƙwabta uku ko huɗu, a riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa, a sa wa yara takalmi mai rufi saboda ƙaya da fasassun kwalabe. Waya kuwa a ɗauki hoto a mai da ita jaka.

In da sauran ƙarfi a dawowa, ku biya ta Gidan Makama, kusa da fadar sarki. A can aka ajiye tsofaffin ƙyamaren Ƙofar Kabuga da na Waika. Wadda kuma tsohuwa ce a gidanta, ko mai ciwon ƙafa da ba za ta iya bin titi ba, to, a kai ta nan ɗin kawai, akwai inuwa da wurin zama.